Auna nisan hanyar kilisa a Zariya: tambayoyi da amsoshi

Tun da samari suka fara fita kilisa da waya a aljihu tana auna musu nisa, tambayoyin nan ba sa ƙarewa. Ga amsoshin a wuri guda.

Mil ɗaya kilomita nawa ne?

1.6. A riƙe, don Allah.

Doki yana cin kilomita nawa a awa?

Tafiya, 6 zuwa 7. Sassarfa, wajen 13. Sukuwa tana kaiwa 40, amma ba a yin ta awa guda. Wanda ya gwada zai kashe dokinsa.

Mun zaga dutsen Kufena tare, wayata ta ce kilomita 12, ta abokina 10 da rabi. Wa ke da gaskiya?

Wataƙila babu. Waya ɗigo-ɗigo take ajiye wuraren da ka bi, sannan ta haɗa su da miƙaƙƙen layi. In tana jinkirta ajiye ɗigon don tattalin batir, sai ta yanke kwana, lissafi ya ragu. In kuma kun tsaya shayar da dawakai ba ka dakatar da ita ba, ɗigon zai yi ta yawo kana zaune, ta ƙara maka abin da ba ka taka ba. Ko a fili tana iya kuskuren mita 5, balle a gindin dutse ko ƙarƙashin mangwarori.

Abin da nake yi: in bi hanyar da mashin, in duba mitarsa mai ƙirga nisa. Ita ma ba a rantsuwa da ita, don taya mai ƙarancin iska ko wadda aka canza girmanta tana sauya lissafi. Fara gwada mashin ɗin a tazarar da ka tabbatar. Inda ba ya shiga, kamar fadamar kogin Galma da damina, bi sau uku da waya ka ɗauki na tsakiya. Ko hakan ma kusan daidai ne kawai.

Hawan dutse yana ƙara nisa sosai?

A'a. Tudun mita 100 cikin kilomita ɗaya, mita 5 kacal yake ƙarawa. Gajiya yake ƙarawa, ƙanena, ita za ka lissafa.

Ba ni da babbar waya, in fasa?

Kwantar da hankalinka. Agogo ya isa: awa ɗaya ta tafiya zalla, ka yi wajen kilomita 6.

Dokina yana haki amma saura kilomita 2, in ƙarasa?

Haba! Sauka, sassauta sirdi, ja shi inuwa. Da zafin Afrilu kake tambayar waya maimakon ka dubi dabbar da ke ɗauke da kai?