Haya ce, ba sayarwa ba

An daɗe ana cewa idan kamfanin Larabawa ya karɓi tashar jiragen ruwa, ƙasa ta sayar da ƙofarta ke nan, tsaro ya koma hannun baƙi. Galibi haya ake bayarwa ta wasu shekaru: kamfani ya sauke kwantena, ya loda, ya biya ma'aikata. Filin na hukuma ne, jami'an kwastan ma na gwamnati.

A 2006 an yi cece-kuce a Amurka kan wani kamfanin Dubai da zai karɓi aiki a wasu tashoshin jiragen ruwan ƙasar, alhali kamfanin Ingila ne ke aikin kafin nan, ba wanda ya ce uffan.

In ka ji irin wannan labari, duba yarjejeniyar: shekara nawa, kuma wa ke buɗe kwantena ya bincika? Don Allah a tura wa 'yan'uwa.