Dokar GDPR ba ta kulle takardun shugabannin Yahudawan Turai ba

Tun da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ake yawo da maganar wai ta garƙame rumbunan adana tarihi. Har akwai masu cewa jika na iya zuwa ya sa a goge sunan kakansa daga takardun majami'a. Masu bin tarihin Yahudawa ne abin ya fi tayar wa hankali, domin wasiƙun shugabanninsu da bayanan zaman kwamiti da rajistar mambobi duk suna nuna addinin mutum, addini kuwa yana cikin bayanan da sashe na 9 ya tsaurara a kansu.

Dokar ta hau kan kowa da ke riƙe da bayanan mutane, hukuma ko ƙungiya. Amma ba ruwanta da mamaci. Sakin layi na 27 na gabatarwarta ya faɗi haka ƙarara, ya bar wa kowace ƙasa ta yi nata tsarin. A Jamus, dokar rumbun tarihi na tarayya ta 2017 ta sa wa'adin shekara 10 bayan rasuwar mutum kafin a buɗe takardun da suka shafe shi. Leo Baeck, malamin Yahudawan Balin da ya jagoranci ƙungiyarsu ta ƙasa daga 1933 har 'yan Nazi suka kai shi sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt a 1943, ya rasu tun 1956. Ina dokar za ta kama?

Batun goge suna ma an toshe shi. Sashe na 17 ya cire adana tarihi don amfanin jama'a daga wannan haƙƙi, matuƙar gogewar za ta gurgunta aikin. Sakin layi na 158 na gabatarwar kuwa, wanda ke magana kan adana tarihi, ya ambaci Holokos, wato kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, da sunansa.

Tarar ce ke firgita mutane: Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin da kamfani ya yi a shekara a duk duniya, wanda ya fi yawa. Wannan ƙololuwa ce, ba farashin kowane kuskure ba. Sashe na 83 ya ce a duba girman laifin, da ko da gangan aka yi. Hukumomin tarayyar Jamus ma ba a cin su wannan tara sam. To amma ƙaramin rumbun al'umma mai ma'aikaci ɗaya ba shi da lauya a gefe, shi ya sa yake gwammace ya ce wa mai bincike "a'a". A ganina nan dokar ta yi rashin adalci, ta tsoratar da wanda ba shi ta nufa ba.

Inda ake da magana ta gaske shi ne rayayyu. Shugaba ya rasu, amma matar da ta rubuto masa neman tallafi a 1985 wataƙila tana nan da ranta. A irin wannan, abin da sashe na 89 yake nema shi ne a kare ta, kamar a rufe sunanta kafin a miƙa fayil ɗin.