Sa hannu kafin tiyatar haihuwa ba yafe sakaci ba ne

Akan ji ana cewa in maigida ya sa hannu a takardar tiyata, duk abin da ya sami jariri ba shi da bakin magana. Ba haka ba ne.

Takardar amincewa ce da haɗarin da aka bayyana, kamar zubar jini, ba ta wanke sakaci. Sai dai ba kowane rauni ne sakaci ba. Kafaɗar jariri kan maƙale lokacin haihuwa, jijiyar hannu ta taɓu, ko da an bi ƙa'ida. Kotu kan duba ne ko an gaza yin abin da ƙwararre zai yi, kuma ko gazawar ce ta jawo raunin.

Amsar galibi tana cikin fayil ɗin asibiti. A takardar bibiyar naƙuda ana rubuta bugun zuciyar jariri duk minti 30, daidai ɗinsa 110 zuwa 160 a minti. In bugun ya sauka aka ɗau awanni ba mataki, nan ne abin tambaya. Ku nemi kwafin fayil a rubuce, wani likitan mata ya duba, ku ga lauya da wuri, domin shigar da ƙara na da wa'adi.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa.