Jarumin da ba shi da takarda ba ya zama a tebur

A ce wani saurayi ya shiga zauren Gen Con, babban taron masu wasannin tebur da ake yi duk shekara a birnin Indianapolis na Amurka. Ya ja kujera ya zauna cikin mutum biyar da bai taɓa gani ba, ya shimfiɗa takardar jaruminsa: mayaƙi ne a mataki na 4, ga takobin tsafi mai aman wuta. Jagoran wasa ya leƙa takardar ya ce, "Ɗan'uwa, a ina ka samo wannan takobi?" In amsar tana rubuce, sai a ci gaba da wasa. In kuwa baki ne kawai, takobin ya koma kube.

Ga wanda bai san wasan ba, Dungeons & Dragons kamar tatsuniya ce da ake haɗuwa a yi tare. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a 1974. Mutum ɗaya, wato jagora, ke riƙe da zaren labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, ɗan ludo mai fuska 20 kuma shi ke yanke hukunci ko sara ya samu ko ya kuskure. In a gida ake yi tsakanin abokai, jagora shi ne wuƙa shi ne nama. Ya ga dama ya ba ka doki mai fiffike tun ranar farko, ba ruwan kowa.

Matsala tana tasowa ne idan jarumin zai yi yawo, yau a kantin wasanni na unguwa, gobe a taro a wani gari, jibi ta intanet da mutanen wata ƙasa. Tun 1980 ƙungiyar masu irin wannan wasa mai suna RPGA ta fara shirya wasa tsakanin baƙin juna, a 1987 kuma ta buɗe Living City, inda ɗan wasa ke tafiya da jaruminsa daga taro zuwa taro. Magajin wannan tsari a yau shi ne Adventurers League, wanda kamfanin Wizards of the Coast, mamallakin wasan, ya kafa a 2014. Duk dokokinsa abu ɗaya suke nema: jagoran da bai san ka ba ya iya yarda da abin da ka zo da shi cikin minti biyu.

Tun daga haihuwar jarumi ake farawa. Kowane jarumi yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. A gida mutane kan jefa ɗan ludo su ga abin da rabo ya ba su. A nan an hana, don wa ya ga lokacin da ka jefa a ɗakinka har ka samu 18, lamba mafi girma da jifan siffofi ke bayarwa, sau uku? Ko dai ka ɗauki lambobin da aka tanada, 15, 14, 13, 12, 10 da 8, ka raba su yadda kake so, ko a ba ka maki 27 ka saya da su. Kowa da kuɗin cefane iri ɗaya yake shiga kasuwa.

Sai maganar littattafai. Shekaru da dama dokar ita ce babban littafin 'yan wasa, Player's Handbook, da ƙarin littafi ɗaya tak. Dalili kuwa, wasu gwanaye kan tsinto ƙabila daga wannan littafi, sihiri daga wancan, su haɗa wani dodo da ba wanda ya taɓa gwada shi, sauran mutanen tebur su koma 'yan kallo. Daga baya an sassauta wannan doka, amma har yanzu akwai jerin littattafan da aka amince da su, abin da ka ƙirƙira da kanka kuma ba ya shiga. Haka nan ba a maraba da jarumi mai mugun hali. Na fahimci dalilin: cikin abokai, ka sace jakar ɗan'uwanka a labari abin dariya ne, cikin baƙi kuwa rigima ce.

Matakai 20 ne a wasan, an kasa su rukuni huɗu: 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, sai 17 zuwa 20. Kowane labari an rubuta rukunin da ya dace da shi. Jarumin da ya taka mataki na 5 ya yi sallama da teburin ƙanana ko da abokansa duka suna can. Jarumi ɗaya kuma ba ya maimaita labari ɗaya don ya kwashi ganima sau biyu. Kai ɗan wasa kana iya komawa, amma da wani jarumin.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai da takardar tarihi, kuma nan ne sababbi suka fi tuntuɓe. Bayan kowane zama ana so ka rubuta sunan labarin da lambarsa, kwanan wata, sunan jagoran da ya gudanar, zinariyar da ka shigo da ita da wadda ka fita da ita, kwanakin hutun jaruminka da ka samu ko ka kashe, da duk wani kayan tsafi da ya shigo hannunka. Kamar littafin uwar adashi ne: abin da aka rufe da shi jiya, da shi za a buɗe yau. In ka musanya zoben tsafi da wani ɗan wasa, shi ma sai ya shiga, ɓangarorin biyu. Daga 2019 aka ƙayyade yawan kayan tsafin da jarumi zai riƙa bisa rukuninsa, 1, 3, 6 da 10, don haka ko takardarka ta cika, ba duk abin da ke rumbu za ka ɗauko ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Adventurers League ba ta neman sa hannu ko hatimi. Kai ke rubuta takardarka, amana ce. Mai son yin ƙarya zai iya, sai dai ƙaryar takan tonu da wuri, don tsofaffin jagorori sun san wane takobi ke fitowa a wane labari.

Pathfinder Society, irin wannan tsari na wani wasa makamancinsa mai suna Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ya fara a 2008, ya fi ɗaure igiya. Kowane ɗan wasa yana da lambar rajista, kowane jaruminsa ma da tasa a maƙale da ita. A bugu na biyu na wasan, lambar jarumin farko ita ce 2001. Kowane labari yana da takardarsa ta musamman da jagora ke cikewa ya miƙa maka, sannan a shigar da zaman a shafin kamfanin. Lissafin ma a fili yake: labari guda maki 4, maki 12 mataki ɗaya, wato zama uku ka hau. Kuma in za ka yi amfani da wani zaɓi daga littafin da ba ya cikin na tushe, dole ya zama ka mallaki littafin. Masu suka suna cewa wannan dabarar sayar da littafi ce, kuma ban ce ƙarya suke ba, ko da yake jagora ma yana bukatar ganin dokar da idonsa.

Dokokin ba sa zama wuri ɗaya. A 2018 Adventurers League ta sauya yadda ake hawa mataki da samun dukiya zuwa wani tsarin maki, 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, shekara na zagayowa aka sake lale. Don haka wanda ya ajiye jarumi shekara biyu, ya nemi sabon littafin dokokin tsarin ya karanta kafin ya fito. Wanda bai taɓa yi ba kuwa ya zo hannu rabbana, ana ajiye jarumai shiryayyu don irinsa. Abin da kawai zai koya daga tsofaffin hannu a ranar shi ne ɗaukar hoton takardar da waya kafin a tashi daga tebur.