Himoglobin

Himoglobin furotin ne da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ga ƙwaƙwalwa da tsoka da sauran gaɓoɓi, kuma shi ya ba jini jan launinsa. Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da himoglobin kusan miliyan 270, kuma idan aka tsane ruwan cikinta, fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya rage himoglobin ne. Yana cikin furotin biyu na farko da masana suka gano surarsu dalla-dalla. A Sakkwato da sauran ƙasar Hausa sanin wannan sinadari ya wuce karatun aji, domin ɗan sauyi ƙanƙane a gininsa shi ne asalin amosanin jini, ciwon da aka fi sani da sikila.

Yadda aka gina shi

Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne. Ana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi a zare, sannan sarƙar ta naɗe kanta ta ɗauki wata sura ta musamman. Jerin ne ke yanke yadda naɗin zai kasance, naɗin kuma shi ke yanke aikin da furotin zai iya yi.

Himoglobin na baligi, wanda ake kira himoglobin A, sarƙoƙi huɗu ne a haɗe: alfa biyu, kowace da amino asid 141, da bita biyu, kowace da 146. Jimilla 574 ke nan. A cikin kowace sarƙa akwai wani aljihu da ke riƙe da zoben sinadari mai suna him, a tsakiyar zoben kuma akwai ƙwayar ƙarfe guda. A jikin wannan ƙarfe oksijin ke maƙalewa, saboda haka himoglobin ɗaya yana ɗaukar oksijin huɗu. Umarnin gina kowane furotin yana rubuce a DNA, sinadarin gado da ke naɗe a ƙulle-ƙullen da ake kira kuromosom: na sarƙar alfa yana kan kuromosom na 16, na bita kuma yana kan na 11, kuma mutum yana gadon kowanne daga uwa da uba.

Ɗauka da saki

Kama oksijin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce a kama shi sosai a huhu, a kuma sake shi cikin sauƙi a inda ake buƙata. Himoglobin yana cim ma haka ne ta hanyar sauya sura. Idan oksijin ya maƙale wa ƙarfen sarƙa ɗaya, ƙarfen yakan matsa kaɗan zuwa cikin zoben, ya jawo amino asid ɗin da ke riƙe da shi ta baya. Wannan ɗan motsi yana ratsa sarƙar har ya kai mahaɗarta da 'yan'uwanta, daga ƙarshe rabin furotin ɗin ya juya a kan ɗaya rabin da kimanin digiri 15. Da zarar an yi wannan juyi, sauran aljihunan sun fi saurin karɓar oksijin. A cikin tsoka abin yakan koma baya: ɗaya na fita, sauran su bi.

A 1904 Christian Bohr ɗan ƙasar Denmak ya nuna cewa yawan iskar kabon dayoksaid yana sa himoglobin ya sassauta riƙonsa. Ma'anar wannan ita ce tsokar da ta fi aiki, wadda ta fi fitar da wannan iska, ita ta fi samun oksijin, ba tare da wani ya ba da umarni ba.

Akwai iskar da ke ɓata wannan tsari gaba ɗaya. Kabon monoksaid, wadda ke fita daga hayaƙin janareta da garwashin gawayi, tana kama ƙarfen him da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma ba ta da wari ko launi. Shi ya sa iyalin da suka shigar da janareta zaure, ko suka rufe ɗaki da kaskon wuta a daren hunturu, suke iya kwanciya lafiya a wayi gari babu su.

Yadda aka gano surarsa

Max Perutz, haifaffen Ostiriya, ya fara aiki a kan himoglobin ɗin doki a Jami'ar Kembirij ta Ingila a 1937. Dabararsa ita ce ya mai da furotin ɗin kiristal, ya haska masa eksire, hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sannan ya yi lissafin wurin kowane sashe daga ɗigo-ɗigon da hasken ya bari a jikin fim. Shekara da shekaru lissafin ya ƙi fita. Sai a 1953 ya gano cewa idan ya liƙa wa furotin ɗin ƙwayoyin zaiba, ya kwatanta hoton mai zaiba da marar ita, kullin zai warware. Abokin aikinsa John Kendrew ya yi amfani da wannan hanya ya fitar da surar mayoglobin, ƙaramin ɗan'uwan himoglobin da ke cikin tsoka, a 1958. Perutz ya kammala nasa a 1959, shekara 22 da farawa, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1962. A yau rumbun duniya na surorin furotin, wanda aka buɗe a 1971 da surori bakwai, yana ɗauke da fiye da 200,000.

Sikila

Ciwon ya daɗe a Afirka ta Yamma kafin likitocin Turai su san shi. Iyaye mata sun san yaron da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura tun yana goye, idonsa ya yi rawaya, ya riƙa kukan ciwon ƙashi idan sanyi ya shigo. Masu bincike da dama suna ganin cewa wani kaso na yaran da ake kira 'yan wabi, masu mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ɗaki guda, wannan ciwo ne ya ɗauke su.

A 1910 likita James Herrick na Shikago ya wallafa bayanin wani ɗalibi daga tsibirin Girenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe suka yi siffar lauje. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka nuna cewa himoglobin ɗin masu ciwon yana tafiya dabam da na sauran mutane idan aka sa shi a wutar lantarki. Wannan ne karo na farko da aka danganta wata cuta da lahani a furotin guda. Vernon Ingram, shi ma a Kembirij, ya gano lahanin kansa a 1956 da 1957: a wuri na shida na sarƙar bita, amino asid mai suna balin ya maye gurbin gulutamik asid. A cikin DNA kuwa harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG.

Amino asid ɗaya cikin 146 ke nan, amma bambancin halinsu babba ne. Gulutamik asid yana da cajin lantarki kuma yana jituwa da ruwa. Balin ba shi da caji, kuma gudun ruwa yake yi. Da yake wuri na shida yana ta wajen furotin ɗin, inda ruwa ke taɓa shi, balin yakan nemi wurin fakewa. Idan himoglobin ya saki oksijin ya sauya sura, wani ɗan rami mai gudun ruwa yakan buɗe tsakanin amino asid na 85 da na 88 a sarƙar bita. Balin na wannan himoglobin sai ya shige ramin na kusa da shi, na kusan ya shige na gaba, har su zama dogayen igiyoyi masu tauri, kowace da silili 14 a murɗe. Igiyoyin ne ke tokare ƙwayar jinin daga ciki su lanƙwasa ta.

Daga nan sauran alamomin ke fitowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, tana matsewa ta bi ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Wadda ta lanƙwashe takan maƙale, ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin, shi ne azabar da ke kwantar da mai sikila. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, mai lauje kuwa tsakanin 10 da 20 take fashewa, shi ya kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Saifa tana lalacewa tun ana yara, jiki ya rasa kariya daga wasu ƙwayoyin cuta.

Haɗuwar igiyoyin tana ƙara sauri matuƙa idan himoglobin ya yi kauri a cikin ƙwayar, wato idan ruwan jiki ya ragu. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, nacin da ma'aikatan lafiya ke yi wa mai sikila ya riƙa shan ruwa magani ne na gaske, kuma dalilinsa yana cikin wannan lissafi. Zazzaɓi da aikin ƙarfi da sanyin hunturu su ma suna tayar da ciwon. Mai ciwon da ke son yin azumi ya kamata ya fara jin ta bakin likitansa.

Gado da zazzaɓin cizon sauro

Wanda ya gaji himoglobin S, wato mai lahanin sikila, daga uwa ko uba kaɗai shi ake kira AS, kuma yawanci lafiyarsa ƙalau, domin himoglobin A da ke gauraye a ciki yana hana igiyoyin haɗuwa. A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro. Binciken baya ya tabbatar da cewa haɗarin zazzaɓi mai tsanani yana raguwa a wurinsu da kusan kashi 90 cikin 100, ko da yake suna kamuwa. Wannan ne ya sa S ya yawaita a ƙasashen sauro. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, masani ɗan Najeriya, suka ƙiyasta cewa sauyin ya faru ne sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyayi. Mai SS, wato mai ciwon da ya gaji S daga uwa da uba, ba shi da wannan kariya, zazzaɓin ma ya fi yi masa haɗari.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon duk shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗa ɗaya ne kawai cikin huɗu zai samu. Ba haka ba ne: kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya samun uku a jere, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Akwai kuma himoglobin C, inda amino asid mai suna laisin ya shiga wuri na shidan, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. Haɗuwarsa da S tana ba da SC, shi ma ciwo ne.

Gwaji da magani

Gwajin jinotaif, wato na gano irin himoglobin da mutum ya gada, da ake yi a yawancin ɗakunan gwaji na Sakkwato jikan aikin Pauling ne. Ma'aikaci yakan fasa ƙwayoyin jinin, ya ɗiga ruwan a kan wata siririyar takarda da aka jiƙa da sinadari, a gefen samfurin da aka riga aka san irinsa, sannan ya kunna wuta. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba jajayen layuka ke bayyana: A ya yi nisa, S yana baya saboda cajin da ya rasa, C kuma can kusa da mafari. Layi ɗaya a wurin S shi ne SS, layi biyu a A da S shi ne AS. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce yana iya samun sakamakon da ba nasa ba, kuma ya fi kyau a maimaita gwajin a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun kafin magabata su sa rana. Jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024.

A 1948 likitar yara Janet Watson ta lura cewa jinin jarirai sabbin haihuwa ba ya saurin lanƙwashewa. Dalili shi ne ɗan tayi yana amfani da himoglobin F, mai sarƙar gama a madadin bita, wanda ba ya shiga cikin igiyoyin. Yana raguwa a watanni shida na farko, lokacin da alamomi ke fara fitowa. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, yana ƙara yawan F a jini, kuma an gwada shi a kan yara a Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta haɗa wani maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da ganyen dawa.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, wanda ke gyara DNA na ƙwayoyin ɓargon mai ciwon don jiki ya koma yin himoglobin F. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma yana buƙatar asibitin da ke iya dashen ɓargo. Abin da ya fi ceton rayukan yara a halin yanzu shi ne gwada jariri tun yana ɗanye, ba shi fenisilin kullum har ya kai shekara biyar, cika masa rigakafi, kwana cikin gidan sauro, da kai shi asibiti a ranar da zazzaɓi ya fara.