Waiwaye: yadda gawayi ya ci kasuwar ƙaro a Sudan

Ana ta muhawara kan biyan manoma kuɗi don su bar itatuwa a tsaye, abin da ake kira kasuwar kabon, wasu ma na ganin baƙuwar dabara ce. Alhali a nan Sudan, tun kaka da kakanni kasuwa ce ke tsaron dakwara, itacen ƙaro da Larabawa ke kira hashab.

Farkon labarin sananne ne. Ƙaron yankin Kurdufan ya daɗe yana bi ta kasuwar birnin Ubayyid zuwa ƙetare, har takunkumin Amurka na 1997 sai da ya ɗaga masa ƙafa, don masu lemon kwalba da magunguna ba su da madadinsa.

A gona kuwa, manomi kan shuka gero da riɗi 'yan shekaru, in ƙasa ta gaji ya bar wa dakwara. Damina na ɗaukewa sai ya ɗauki sunki, ƙarfen tsaga itace, ya tsaga bawo, bayan makonni ya dawo ya tsinci ƙaro. Itace na gyara ƙasa, yana tare yashi, ga kuɗin rani. Babu wanda ya yi masa wa'azin muhalli.

Farin 1984 zuwa 1985 ne ya karya wannan lissafi, amma an fi tuna shi da yunwa kawai. Itatuwa da yawa sun bushe, gaskiya ne. Sai dai da yawa daga waɗanda suka tsira gatari ne ya kwantar da su. Gawayi kuɗinsa a hannu, yau ɗin nan. Sabuwar dakwara kuwa sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta ba da ƙaro. Ga kuma shail, bashin da dattawanmu na Gadarif da Mai Wurno suka sani sarai: mai shago ya ba ka dawa tsakiyar damina, ka biya da amfani a farashin da ya yanke tun kana cikin matsi. In farashi ya tashi a Ubayyid, bai kai ga aljihunka ba. To me zai sa ka jira itace?

A 2009 an buɗe fitar da ƙaro ga 'yan kasuwa da dama, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa hanyoyin. Kuɗin kabon kuwa sai an auna, an tantance, kafin a biya, shi kuwa rumbun manomi a watan Agusta yake ƙarewa, lokacin da mai shail ke buɗe littafinsa.