Ruwan dagwalon masana'antu: me doka ta ce, me ya haɗa ta da kwaɗo?

Duk wanda ya bi ta unguwannin masana'antu na Kano, wato Sharaɗa, Challawa ko Bompai, ya san launin ruwan da ke malala a wasu magudanai, ya kuma san warinsa. A cikin irin wannan ruwa akan sami ƙarafa masu guba: kuromiyam da ake jimar fata da shi, da dalma, da kadmiyam. Ba sa ruɓewa kamar shara. Kwanciya suke a laka shekara da shekaru.

Dokar da ta kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, a 2007 ta hana zubar da abu mai guba a ruwa, a ƙasa ko a iska da yawan da zai cutar. Sashe na 27, kamar yadda aka rubuta shi a 2007, ya tanadi tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba. Idan kamfani ne, ana ƙara masa naira 50,000 a kowace rana muddin bai daina ba. A 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majemu: sai an tace ruwan kafin a sake shi.

To ina kwaɗo ya shigo? Fatarsa tana tsotsar abin da ke cikin ruwa, a ruwan kuma yake hayayyafa. Idan ya daɗe a kududdufin da ke da kadmiyam ko dalma, gubar kan taru a hanta da ƙoda, ta taɓa marainan namiji, maniyyinsa ya ragu ko ya yi rauni. Ba faɗuwa zai yi ya mutu nan take ba, shi ya sa ba mai lura. Damina ce za ta zo a ji kukan kwaɗi ya yi ƙasa.

Wani zai ce ina ruwanmu da haihuwar kwaɗo. Ruwanmu kuwa, domin irin wannan dagwalo yana shiga kogin Jakara na Kano, kuma da ruwansa ake ban-ruwan latas da alayyafo, su ne kuma ke zuwa kasuwa.

A ganina tarar nan ta yi kaɗan. Miliyan ɗayan 2007 ba ita ce ta yau ba, kuma gina matatar ruwa ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Mai masana'anta ya iya wannan lissafin.